Gidajen da fadarmu ta zauna a Damagaram

Makon jiya wasu samari huɗu suka yi mini sallama bayan la'asar. Biyu na san su, 'ya'yan maƙwabta ne, sauran biyun ban taɓa ganin su ba. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Baba, alfarma muka zo nema. Muna so ka bar mu mu riƙa aje benci jikin katangarka da dare, mu dafa shayi." Ban ko bari ya rufe baki ba na ce a'a. Suka yi godiya suka tafi. Da na shiga gida, uwargida da ta ji komai daga bayan ƙofa ta ce, "Malam, kai da bakinka?" Ban amsa mata ba. Amma daren nan barci ya ƙi zuwa, na kwanta ina ƙirga wuraren da tamu fadar ta zauna tun daga 1994. Na samu biyar, kuma ko ɗaya ba namu ba ne, duk aro aka ba mu ko haya muka kama.

Ga masu karatu na ƙetaren iyaka, bari in ɗan yi bayani. Fada dai kowa ya san wurin sarki ce, tamu ta Damagaram tana nan cikin Birni, ginin ƙasa tun ƙarni na 19. Samarin garin ne suka ari sunan suka laƙaba ma majalisarsu ta bakin titi, inda ake haɗuwa kullum a dafa shayi, a yi karta, a yi hira har dare ya raba. Kowace fada da sunanta, da shugabanta, da ma'ajinta, da mai dafa shayinta. A Mali da Burkina irin wannan majalisa "grin" suke ce mata. Wani daga cikinmu da ya yi karatu a Amurka ya taɓa aiko mana hoton gidan wata ƙungiyar ɗaliban jami'a, bene mai hawa biyu da haruffan Girka a saman ƙofa, ya ce tsofaffin 'yan ƙungiyar ne suka saya, wani gidan ya fi shekara ɗari a hannunsu. Muka yi ta dariya. Mu duk dukiyar fadarmu buta biyu ce, da ƙananan kofuna, da murhun waya, da faranti ɗaya da ya lotsa.

Yayyenmu ba su san wannan yawo ba. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, Samariya ce ke riƙe da matasa. Unguwa tana da Sarkin Samari, akwai wurin taro, akwai wasan kwaikwayo da aikin gayya, bikin matasa na ƙasa na farko ma a nan Damagaram aka yi shi a 1976. Gwamnati na amfani da su, wannan ba a ɓoye yake ba, amma dai saurayi ya san inda zai nufa da marece. Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, aka yi babban taron ƙasa na 1991, Samariya ta watse kamar ba a yi ba. Mu da muka taso a bayanta sai muka tarar babu wurin zama, babu aiki, makaranta kuma yau ana yi gobe yajin aiki. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sukari da ganyen shayi suka tashi, ba wanda zai iya sayen na kansa. Dole sai da zubi. Fadarmu da zubin dala ashirin-ashirin ta fara.

Mu goma sha ɗaya ne, yawancinmu ɗaliban Lise Amadu Kuran Daga. Gida na farko zauren kakan ɗayanmu ne cikin Birni, a wani lungu da mota ba ta shiga. Zaure ne na ƙasa mai azara, da zane a goshin ƙofa, da dakali biyu a waje. Da rani in ka shiga sai ka rantse an kunna na'urar sanyi, da hunturu kuma ɗumi. Tsohon ya daina ciniki, idonsa ya yi rauni, zauren ya zama wurin ajiyar buhunan ƙaiƙayi da wani tsohon sirdi. Jikansa ya kai mu muka gaishe shi, muka faɗi buƙatarmu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, "Kai ɗan wane ne?" Duk wanda ya faɗi sunan ubansa sai ya ƙara mishi da na kakansa, wani ma har da sana'ar gidan. Da ya gama ya ce, "To 'ya'yana, ku zauna. Amma in an kira salla ku tashi, kar in ji taba, mace kuma ba ta tsayawa a ƙofar nan. Kafin damina ku yi mini yaɓe."

Yaɓen nan shi ne kuɗin hayarmu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka mukan ɗauko ƙasa a amalanke, mu kwaɓa, mu hau soro mu toshe tsaga, mu gyara indararo. Wanda ya san Damagaram ya san abin da ruwan kwaɓa ƙasa yake nufi a watan Mayu, lokacin da famfo ke yin kwana da kwanaki bai ɗiga ba. Mukan yi layi da jarkoki tun ƙarfe biyu na dare. 'Yan lise da ke taƙama da faransanci, ga mu cikin taɓo har gwiwa, tsoho na zaune kan buzu yana cewa, "Ba haka ake yi ba, yaro."

Bango ɗaya na ciki muka shafa ma baƙin fenti ya zama allo. A nan aka yi lissafi da kimiyya da falsafa da fitilar ƙwai, wanda ya gane ya koya ma wanda bai gane ba. Shayi uku ake yi, na farko mai ɗaci, na ƙarshe kusan ruwan sukari, kuma kofin farko kullum na tsohon ne, ana kai mishi cikin gida. A zauren nan muka ji labarin juyin mulkin 27 ga Janairun 1996, da Ba'are Mainasara ya kifar da Mahamman Usman. Abin ya taɓa garin sosai, tunda ɗan Damagaram ne aka sauke. Gardama ta kaure har biyu daga cikinmu suka ci kwalar juna. Tsohon ya fito da sandarsa, bai tambayi wa ke da gaskiya ba, ya ce shi ya ga zamanin Nasara, ya ga na Diori, ya ga na soja, ba wanda ya taɓa zuwa ya yi mishi yaɓe. Aka saki juna.

Ya rasu a 1998, shekarar da yawancinmu muka samu bak. Bayan sadakar arba'in wani ɗansa da ya zo daga Kano ya sa ma zauren kwaɗo. Bai yi mana wulaƙanci ba, ya ce dai maganar gado ce, sai an raba. Muka kwashe butocinmu. Allon ne ba a iya ɗauka.

Gida na biyu ba shi da rufi. Inuwar bedi ce a Zango, jikin katangar wata gwauruwa da mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata uku. Ita ta neme mu ma, ta hannun ɗan ƙanenta da ke cikinmu, saboda ɓarayi sun haura mata sau biyu. Ta ce, "Ku zauna nan, in ana jin muryar maza ba mai shigo mini." Mu muna ce mata Inna, ita tana ce mana 'yan gadina. A katangarta muka fara rubuta sunan fadar da fenti, manyan baƙaƙe, da sunayenmu na wasa a ƙasa. Ba zan faɗi sunan a nan ba, don wasu daga cikinmu yanzu limamai ne da shugabannin makarantu, kuma sunan na wani mawaƙin waje ne da ba za su so 'ya'yansu su ji ba.

Lokacin ne kuma fadoji suka cika gari. Gidan rediyon Anfani ya buɗe a Damagaram a ƙarshen shekarun 1990, fada ta aika gaisuwa a karanta sunanta gari duka ya ji, ai sai kowane lungu ya kafa tasa. Aka shiga gasa. Wannan fada ta share maƙabarta, waccan ta yashe magudanar ruwa, wata ta yi sintirin dare. Mu ma mun yi sharar kasuwa sau biyu, kuma gaskiya don a faɗe mu a rediyo muka yi, amma dai kasuwar ta sharu. 'Yan siyasa suka gane inda ƙuri'a take, suka fara aiko da sukari da ganyen shayi da tabarmi. Mun karɓa. Na wannan jam'iyya mun sha, na waccan ma mun sha. Inna ta ce in dai ba za a kafa mata tuta a bedi ba, ba ruwanta.

Abin da ya tashe mu daga nan abin farin ciki ne, ɗayanmu ya nemi auren babbar 'yarta, aka ba shi. To suruki ba ya zama ƙofar surukarsa yana buga karta har ƙarfe ɗaya. Kunya ta kore shi, mu kuma muka bi shi.

Daga nan fada ta rabu biyu na 'yan shekaru. Mu biyar muka tafi Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni, tafiyar kilomita wajen 900. A lokacin ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar, ta Damagaram da yanzu ake kira Jami'ar Andre Salifu sai a 2010 aka kafa ta. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isa ba, sai muka faɗa irin gidajen nan da ɗalibai ke ce ma ambasad, gidan haya a Harobanda da 'yan gari ɗaya ke tarewa a ciki. Namu ɗaki huɗu ne, mutum sama da ashirin, wani ɗan kasuwa ɗan Damagaram ke biyan rabin haya. Duk wanda ya sauka tasha da jakarsa ya ce daga gida yake, an ba shi wurin shimfiɗa tabarma, ba a tambayar takarda. Tukunya ɗaya, shinkafa da wake, in buhun gero ya zo daga gida a yi biki. Wannan shi ne gida na uku, kuma shi ya fi kama da abin da abokinmu ya gani a Amurka, sai dai mu ko takardar haya ba da sunanmu take ba. Ranar da ɗan kasuwan ya faɗi zaɓen da ya tsaya, kuɗin ya tsaya, mai gida ya ba mu wata ɗaya. Na ƙarasa shekarar a ɗakin wani Bazabarme ɗan ajinmu, Allah ya saka mishi.

Waɗanda suka rage a gida su suka kama gida na huɗu, ɗaki ɗaya a Sabon Gari, jika biyar a wata. Shi kaɗai ne wurin da muka taɓa biyan kuɗi muka riƙe makulli, kuma shi ne ya kusa kashe fadar. Ba mai gida a kusa, ba tsoho, ba Inna. Aka sayi talabijin da bidiyo, aka sa labule. Mutanen da ba mu sani ba suka fara kwana. Taba ta shigo, abin da ya fi taba ma ya leƙo. Zubi ya koma rigima, ma'aji ya ce an biya, mai ɗaki ya ce wata huɗu bai ga ko dala ba. Da na zo hutu na tarar biyu ba sa magana da juna, maƙwabta kuma sun kai ƙara wurin mai unguwa. Shekara biyu ba ta cika ba aka mayar da makulli, aka sayar da talabijin aka biya bashi. Har yau in an taɓo zancen ɗakin nan sai wani ya ce a bar tuna baya.

Na biyar shi ne ƙofar shagon ɗinkin ɗayanmu, kusa da kasuwar Dole. Nan muka fi daɗewa, fiye da shekara goma sha biyar. Mun girma, an yi aure, wasu malaman makaranta, ɗaya malamin asibiti, biyu na kabu-kabu, ɗaya ya samu aiki a matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ɗaya ya tafi Libiya bai dawo ba. Zubi ya tashi daga na shayi ya koma na suna da biki da rashin lafiya. Ba a kai wa ƙarfe ɗaya kuma, goma ta yi kowa ya nemi gidansa.

A shekarun nan ne sunan fada ya ɓaci a gari. Aka fara jin 'yan pale, samari masu ɗaga ƙarfe, masu faɗa da adda unguwa da unguwa, ana tare mutane da dare. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, da zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar nan ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da majami'u, aka yi asarar rayuka, kowa ya ce matasa ne. Daga nan duk inda aka ga benci da buta da samari biyar, sai a ɗauka su ne. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya ga Kara-Kara da idonsa, unguwar da tun asali aka ware ma kutare, ya ga samarin da ke sayar da man ruwa-ruwa suna wasa da ransu a hanyar iyaka. Ni abin da na lura da shi a garin nan shi ne, pale ba ta zama a ƙofar dattijo. Tana zama a kango, ko bakin dutse, ko ɗakin da ba mai leƙawa, irin namu na Sabon Gari. Ban ce zaure ne maganin rashin aikin yi ba, yunwa ba ta jin tsoron sandar tsoho. Amma na san abin da ya hana mu lalacewa a 1995, kuma na san abin da ya kusa lalata mu a 2002, mutanen kuwa su ne dai ba su canza ba.

Gidajen ma sun canza. Wanda ya samu fili a sabbin unguwanni katanga yake ja mai tsawo, ya sa ƙofar ƙarfe, ya kafa kwalabe a sama. Ba zaure, ba dakali. Nawa gidan haka yake, ni na ce ma magini ya yi shi haka. In akwai ɗaki a waje to shago ne na haya. Tsohon Birni yana da wurin da zai ba da aro saboda an gina gidansa da wurin baƙo tun farko, mu kuwa mun gina namu yadda ba wanda zai raɓa.

Telan namu ya koma Agadas da aiki bayan korona, shagon ya zama na mai sayar da waya. Tun daga nan fadarmu a WhatsApp take. Ana gaisuwar Juma'a, ana turo hoton jikoki, ana sanar da rasuwa. A daminar 2024, wadda ruwanta ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, masallacin da ya haura shekara 170 a tsaye, jikan tsohon nan ya turo mana hoto. Zauren ya zauna. Gadon ba a gama raba shi ba shekara ashirin da shida, ba wanda ya yi yaɓe. Rufin ya rufta, bango uku sun zube, saura ɗaya, kuma a jikinsa ana ganin baƙin fentin allonmu. Ba wanda ya rubuta komai a rukunin sai can dare wani ya sa "Allah ya jiƙan Baba", aka yi ta amin.

Tun lokacin ake maganar mu haɗa kuɗi mu sayi fili, mu gina ɗaki da rumfa da sunan fada, ko don 'ya'yanmu. An yi lissafi, an kafa kwamiti, an tsaya a kan sunan wa za a rubuta a takarda. Ni da farko ina cikin masu zafi. Yanzu jikina ya yi sanyi, don na tuna wuri ɗaya da muka riƙe makullinsa da yadda aka ƙare. Kuma mu tara da muka rage, mai ciwon sukari ya fi mai shan shayi yawa.

Shekaranjiya na aika aka kira mini yaran nan huɗu. Na sa su zauna, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya ɗan wane ne. Biyun da ban sani ba, ɗaya ubansa direba ne daga Mirriya, ɗayan maraya ne, yana wurin kawunsa, yana shirin bak bana. Kakanninsu kam ban san ko ɗaya ba, garin ya fi ƙarfin wannan yanzu. Na ce su kawo bencin. In an kira salla su tashi, kar in ji taba ko abin da ya fi ta, ƙarfe sha ɗaya su watse, baƙon da zai zauna sai an kawo shi na gan shi. Katangata ta siminti ce ba ta son yaɓe, sai na ce magudanar ruwan ƙofar gida tasu ce kafin damina. Babbansu ya ce, "Baba, mun yarda. Fenti fa? Za mu iya rubuta suna?" Na ce a'a, wannan kam a'a.

Maƙwabcina na dama ya tare ni bayan asuba ya ce bai ji daɗi ba, yana da 'yan mata, kuma in wani abu ya ɓace a layin nan ni zai tambaya. Na ce mishi ya tambaye ni ɗin. Jiya da dare suka aiko ƙaramin cikinsu da kofin farko, ɗaci kamar maɗaci, likita kuma ya hana ni sukari, amma na shanye. Da safe da zan fita na ga an rubuta wani abu da alli a ƙasan katangar, ƙanana ƙanana, daidai inda benci ke rufewa. Ban goge ba tukuna.